Gyambon ƙafa ga mai ciwon sukari: ƙaramin miki, babbar asara

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Da ƙafa ake zuwa barkar haihuwa da gaisuwar mutuwa, da ita ake zuwa gona da kasuwa da masallaci, da ita magidanci yake fita neman abin da za a aza a murhu. Saboda haka ran da ƙafa ta kwanta, abubuwa da yawa sukan kwanta tare da ita. A shafinmu na yau za mu yi magana a kan wani ciwo da ke kwantar da ƙafafun mutane a birnin Yamai da sauran garuruwan ƙasarmu, watau gyambon da ke fitowa a ƙafar mai ciwon sukari, da irin halin da yake jefa mai shi da iyalinsa.

Daga Gaweye zuwa babban asibiti

Duk wanda ya san Yamai ya san Gaweye. Tana ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin da garin ya tashi da su a bakin kogin Isa, ko da yake yanzu sunan ya fi fita da babban otel ɗin da ke gefen gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. In mutum ya haura kaɗan daga nan, ya bi ta wajen gidan tarihi na Bubu Hama, sai ya iske babban asibitin ƙasa, wanda asalinsa ya faro tun 1922. Nan ake kawo majinyata daga unguwannin birni da kuma jihohi, in ciwo ya fi ƙarfin ƙananan gidajen likita. Cikin waɗanda ake kwantarwa akwai masu ciwon sukari da ƙafa ce ta kawo su. Waɗansu ma ba su san suna da ciwon ba sai ranar da likita ya kwance tsumman da aka ɗaure mikin da shi, ya ce a auna jini.

A cikin wannan shekara ta 1922 ɗin ne, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, aka fara yi wa ɗan Adam allurar insulin. Kafin nan, yaron da ciwon sukari ya kama ba ya daɗewa a duniya. Da aka sami magani sai masu ciwon suka riƙa yin tsawon rai, kuma sai aka ƙara ganin ɓarnar da sukari yake yi a hankali cikin shekaru: a ido, a ƙoda, a zuciya, da kuma a ƙafa.

Ƙungiyar duniya mai kula da ciwon sukari ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi a duniya. Daga cikinsu miliyan 24 suna ƙasashen Afirka, kuma fiye da rabin waɗannan ba su san suna da shi ba. A nan Nijar, bayan binciken da aka yi a 2007, hukumomin kiwon lafiya sun ba da lissafin cewa cikin manya 1000, kamar 43 suna da ciwon. Masana kuma sun bayyana a 2017 cewa cikin masu ciwon sukari 100, tsakanin 19 zuwa 34 za su yi gyambon ƙafa ko da sau ɗaya ne a rayuwarsu. In an duba da kyau, wuya a sami unguwar da wannan magana ba ta shafa ba.

Yadda mikin yake somawa

An ce jiki magayi. Wanda ya taka ƙaya, tun bai duba ba jikinsa ya gaya masa, ya tsaya ya cire. To, sukari in ya daɗe da yawa cikin jini yakan lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai labarin zafi daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa. Da fari mutum yakan ji kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafarsa, ko raɗaɗi kamar na barkono da dare. Daga baya sai ya ji kamar auduga yake takawa, har takalmi ya suɓuce masa a hanya bai sani ba. A nan magayin ya yi shiru ke nan.

Abu na biyu, hanyoyin jini sukan ƙuntace, jinin da zai kai abinci da magani ga miki ya ragu. Shan taba yana ƙara wannan ɓarna ƙwarai. Abu na uku, jikin da sukari ya yi wa yawa ba ya da ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta. Fata kuma takan bushe ta yi faso, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In waɗannan uku suka haɗu, abu kaɗan ya isa. Tsakuwa ce cikin takalmi, ko sabon takalmin sallah da ya matse yatsa, ko rezar mai yankan akaifa da ta zarce. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai yake wuce awo 40, daɓen siminti da rairayin tsakar gida sun isa su ƙona tafin ƙafa. Da hunturu kuwa kaskon wuta ne, mutum ya miƙa ƙafa yana jin ɗumi a jiki, alhali fata na ƙuna. Tun da ba zafi, sai ya ci gaba da tafiya a kan mikin kwana da kwanaki, yana zurfi, har ya kai ga ƙashi.

Darasin da aka koya daga kuturta

Mutanen ƙasarmu sun san wata cuta da ke kashe ji a hannu da ƙafa, ita ce kuturta. A Danja, kusa da Maraɗi, akwai asibitin da ya daɗe yana jinyar masu ita. A da ana zaton cutar ce da kanta take cinye yatsu. Wani likitan tiyata ɗan Ingila mai suna Paul Brand, wanda ya yi aiki da kutare a Vellore ta ƙasar Indiya tun daga 1946, shi ya nuna cewa yawancin ɓarnar daga rashin jin zafi take: mutum yana ta jin rauni a wuri guda bai sani ba, har naman ya lalace. Da ya koma aiki a Amurka a 1966, sai ya ga ƙafar mai ciwon sukari hanya ɗaya take bi da ta kuturu.

Daga nan aka ɗauko dabaru biyu da ake aiki da su har yau. Ta farko, a raba miki da nauyin jiki, ko da ɗaurin filasta ko da takalmi na musamman, domin gyambon tafin ƙafa ba ya warkewa muddin ana taka shi. Ta biyu, wani ɗan siririn zaren roba da ake danna wa tafin ƙafa da nauyin giram 10. Wanda bai ji taɓawarsa ba, ƙafarsa na cikin hatsari, ko da babu miki tukuna.

Abin da gyambo yake ci ban da nama

Tun 1946 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa lafiya ta wuce rashin cuta kawai, ta haɗa da jin daɗin jiki, da kwanciyar hankali, da zama cikin jama'a. Don haka likitoci suka tsara hanyar auna jin daɗin rayuwar majinyaci, kamar yadda suke auna sukarin jininsa. Ɗaya daga cikin ma'aunan tambayoyi biyar ne: Kana iya tafiya? Kana iya wanka da sa tufafi da kanka? Kana iya ayyukanka na yau da kullum? Kana jin ciwo? Kana cikin damuwa ko baƙin ciki?

A 2003 da 2004 an bi diddigin masu gyambon ƙafa fiye da 1200 a asibitoci 14 na ƙasashe 10 na Turai, aka yi musu waɗannan tambayoyi. Abin da aka tarar ya fi rage musu jin daɗin rayuwa shi ne kasa tsayawa ko tafiya ba tare da taimakon wani ba. In haka take a ƙasashen da ake biyan mara lafiya kuɗin zaman gida, to, ina ga wanda sai ya fita da safe sannan a ci da dare?

Mu dubi sana'a. Tela da ƙafa yake taka keke. Ɗan kabu-kabu da ƙafa yake sa giya. Mai lambu a bakin Isa cikin laka yake wuni, mai tura baro a kasuwar Katako kuwa ƙafarsa ce jarinsa, haka matar da ke tsaye kan kaskon ƙosai tun asuba. Likita zai ce kada a taka ƙafar, kuma gaskiya ya faɗa. Amma gyambo irin wannan sau da yawa yakan kai wata uku, wani ya fi haka nesa. Wata uku ba sana'a, ga mai ƙaramin ƙarfi, daidai yake da cinye jari.

Sai kuɗi. Wankin miki ana yin sa kullum ko bayan kwana biyu, ga auduga da bandeji, ga maganin kashe ƙwayoyin cuta, ga insulin, ga awon jini da hoton ƙashi, ga kuɗin taksi zuwa da dawowa. Jinyar kyauta da aka soma a 2006 ta shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5 da waɗansu larurorin mata, ciwon sukarin manya ba ya ciki. Daga 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin jinya a asibitocinta, wannan kuwa sauƙi ne babba. Duk da haka maganin da ake saye a farmasi, da kuɗin mota, da abincin mai jinya, suna nan a wuyan iyali. A tuna cewa albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsayar tun Janairu 2024 jika 42 ne a wata. Ta haka ake sayar da tumaki, a sayar da babur, wani lokaci har fili.

Sai ibada. Mai gyambo yakan shiga ruɗu wajen alwala: ya wanke ƙafa ya jiƙa ɗauri, ko ya bari ya ji kamar sallarsa ba ta cika ba. Zaman tahiya yakan danne mikin da ke gefen ƙafa. Wani kuma yakan daina zuwa jam'i don kada ya ɓata tabarmar masallaci. Ya kamata a sani malamai sun yi bayani cewa an yarda a shafa a kan ɗauri in wankewa za ta cutar, an yarda da taimama, an kuma yarda mara lafiya ya yi salla a zaune. Wanda ya shiga shakka ya tambayi malaminsa, kada ya kwance ɗaurin likita.

Sai zama cikin mutane. Miki in ya ruɓe yana wari, mai shi kuwa ya fi kowa sani. Sai ya janye daga fada, ya daina zuwa suna da ɗaurin aure, ya koma cin abinci shi kaɗai. Mace takan ji kunyar mijinta, namiji ya ji nauyin matarsa da ta koma mai ɗauke masa ruwan wanka. Ga rashin barci saboda raɗaɗin jijiya da dare. Ga kuma masu zuwa gaisuwa da ke cewa sammu ne, ko an taka wani abu ne, su bar majinyaci yana zargin maƙwabcinsa.

Duk waɗannan a zuciya suke taruwa. A wani bincike da aka buga a 2007 kan mutum 253 da suka yi gyambonsu na farko a birnin Landan, an sami kashi ɗaya cikin uku suna fama da ciwon damuwa. Cikin wata 18 da suka biyo baya, mutuwa tsakanin masu damuwar ta ninka ta sauran kusan sau uku. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wanda ya fid da rai yakan bar shan magani, ya bar kiyaye abinci, ya bar zuwa wankin miki.

A ƙarshe, iyali. A asibitocinmu kowane majinyaci da mai jinyarsa, yawanci mata ko ɗiya. Ita ma ta bar sana'arta, wata yarinyar kuma ta bar lakwal. In daga Doso ko Tilaberi aka zo, sai a yi makonni ana kwana a tabarma cikin harabar asibiti. Ƙafa guda ce ta yi miki, amma gida duka ne ya kwanta.

Tsoron yanka

Babban abin da ke hana mutane zuwa asibiti da wuri shi ne jin cewa can yanke ƙafa ake yi. Sai a tsaya ana barbaɗa gari, ana ɗaura ganye, ana zuba toka ko ruwan batir, ana yin tsaga. Ran da wari ya cika ɗaki, zazzaɓi ya rufe mutum, yatsu suka yi baƙi, ran nan ake neman mota. A wannan lokaci likita ba shi da zaɓi, ko ƙafa ko rai. In aka yanke sai labari ya koma unguwa cewa ga abin da ake faɗa, na gaba kuma ya ƙara jinkiri. Haka tsoro yake haifar da abin da ake tsoro.

Gaskiyar magana ita ce, cikin ƙafafu 100 da ake yankewa saboda ciwon sukari, kamar 85 da ɗan miki suka soma, irin wanda in an kawo shi cikin kwanakin farko yakan warke ba tare da wuƙa ba. In kuma ya zama dole a cire yatsa ɗaya don a ceci sauran, wannan ba ƙarshen rayuwa ba ne. Bincike a ƙasar Suwidin ya nuna cewa waɗanda aka cire wa yatsa suka warke sun fi jin daɗin rayuwa bisa waɗanda ke zaune da ɗanyen gyambo. Ko wanda aka yanke wa ƙafa, akwai sashen da ke yin ƙafar roba a babban asibitin Yamai, ana koya wa mutum tafiya da ita.

Wanda ya warke kuma kada ya saki jiki. Lissafin masana na 2017 ya nuna cewa cikin mutum 100 da gyambonsu ya rufe, kamar 40 yakan dawo musu kafin shekara, kamar 65 kuma kafin shekara 5. Ƙafar da ta taɓa yin gyambo sai da tsaro har ƙarshen rai.

Abin da mai ciwo da iyalinsa za su kiyaye

Tun da ƙafa ta daina faɗa, sai ido ya karɓi aikinta. Ga abubuwan da likitoci suka yi horo da su:

1. A duba ƙafa kowace rana, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. Wanda ba ya gani sosai ko ba ya iya sunkuyawa, ya sa madubi ko ya sa ɗansa ya duba masa. Mata su sani lalle yana ɓoye canjin launin fata.

2. A wanke ƙafa da sabulu da ruwa mai ɗumi kaɗan, a gwada zafinsa da gwiwar hannu. Bayan wanka da bayan kowace alwala a tsane tsakanin yatsu.

3. A shafa man kaɗe a dunduniya da tafin ƙafa don hana faso, amma ban da tsakanin yatsu.

4. Kada a yi tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida. A zazzage takalmi a sa hannu ciki kafin a saka. A sayi mai faɗi, mai laushi, wanda ya rufe yatsu.

5. A yanke akaifa a miƙe, kada a bi kusurwa. Kada a fere kanta da reza, kada a miƙa ƙafa ga kaskon wuta.

6. Duk wani miki, ko bororo, ko kumburi, ko wurin da ya yi ja ko baƙi, a rufe shi da tsabtataccen ƙyalle a kai gidan likita a ranar, ko da ba ya zafi.

7. A riƙe magani yadda aka rubuta, a rage sukari a shayi da lemun kwalba, a bar taba. Wanda ke yawan ƙishirwa da fitsari da rama, ko akwai ciwon a danginsa, ya je a auna jininsa da safe kafin ya ci komi. In awo ya kai giram 1,26 a lita har sau biyu, ciwon ya tabbata.

Kira ga ma'aikata da hukumomi

A 1989 ƙasashen Turai suka taru a garin Saint-Vincent na Italiya, suka ɗauki alkawarin rage rabin yanke ƙafa saboda ciwon sukari. Kada a ce wannan aikin masu arziki ne kaɗai. A 2003 an tsara wani shiri don ƙasashe irin su Indiya da Tanzaniya, inda ake ɗauko likita ɗaya da malamin asibiti ɗaya daga kowane gari, a koya musu duba ƙafa da gyaran kanta da wankin miki cikin ƴan kwanaki, su koma su koya wa na ƙasa da su. Dokta Zulfiqarali Abbas na birnin Darussalam yana cikin jagororin shirin, kuma an ga yanke ƙafa ya ragu a wuraren da aka bi shi. Kayan aikin ba su da tsada.

Yamai tana da manyan asibitoci: na ƙasa da ke kusa da Gaweye, da na Lamorde a hayin kogi, da babban asibitin da ƙasar Sin ta gina aka ƙaddamar a 2016. Amma ceton ƙafa a gidan likita na unguwa da na ƙauye yake somawa. Ya kamata duk mai ciwon sukari da ya zo karɓar magani a ce ya tuɓe takalmi, a duba ƙafarsa aƙalla sau ɗaya a shekara, a rubuta cikin littafinsa. Ya kamata zaren gwajin nan ya kasance a kowane teburin awo. Dukawanmu da suka gwanance da aikin fata za su iya ɗinka takalmin da ya dace in an nuna musu siffarsa. Shugabannin ma'aikatu kuma su sauƙaƙa wa ma'aikacin da ke jinyar ƙafa, su ba shi aikin zaune maimakon su sallame shi.

Ga malaman asibiti, bayan an auna faɗin miki da zurfinsa, a ƙara da tambayoyin nan: Kana barci? Wa ke ciyar da gida? Kana fita cikin mutane? Amsarsu ita za ta nuna wanda ke shirin yanke ƙauna ya daina zuwa. Jinya ba ta kammala ba sai mutum ya koma kan sana'arsa, ya koma cikin sahu.

Ku kuma ƴan uwa da kuka sami ilimin karatu a azuzuwan yaƙi da jahilci, nauyi ya hau kanku. Ku karanta wannan shafi ga waɗanda ba su iya ba, a fada da zaure da wurin taron mata. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, tun 1991 ake yin ta, a ranar haihuwar Frederick Banting, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano insulin. Amma kada ku jira wannan rana. In akwai mai ciwon sukari a gidanku, yau da dare ku ɗauki fitila ku duba masa ƙafa. In kuwa maƙwabci ne ya kwanta da gyambo, ku je ku zauna da shi, domin ƙafarsa ce ta gaza, taku tana nan, zumunta kuwa ba ta faɗi ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da zama lafiya. Amin.